Abin da mai taɓin hankali ke ji a kansa bayan hayaniya ta lafa

A yankin Difa, kamar yadda yake a Damagaram da Kano, ba a cika kai mai taɓin hankali asibiti ba sai abin ya fito fili: ya daina barci, yana surutu shi kaɗai, ya yayyaga tufafinsa ko ya ɗauki sanda. Kafin a kai ga haka an sha rubutu, an yi ruƙiyya, an zaga wajen masu magani, wani ma har mari an sa masa. In aka yi dace aka isa da shi babban asibitin jihar a garin Difa, ko likitar Maine-Sorowa, aka yi masa allura ya samu barci, surutun ya ragu, sai dangi su ce alhamdu lillahi, ya samu sauƙi. Suna da gaskiya, don abin da ke tsorata su ya kwanta. Sai dai ciwon yana da wani ɓangare da ba ya hayaniya, wanda mai shi kaɗai yake ji: magana ta shiga kunnensa ta ƙi zama, lissafin da yake yi a da ba tare da wahala ba yanzu ya gagare shi, ya tashi zai yi abu ya tsaya bai san ta ina zai fara ba. Kan wannan ɓangare nake son mu tsaya, mu ga yadda yake a cututtuka biyu da ake yawan haɗa su a kira su da suna ɗaya, hauka.

Mu fara da abin da kai yake yi wa mutum a rayuwar yau da kullum. Makiyayi a Fulatari ya san kowace saniya a garkensa da kamanninta da uwarta, ya san ranar da layinsa yake a rijiya, ya san inda ciyawa ta rage da inda ta ƙare. Manomin tattasai a bakin Komadugu yana riƙe da bashin mai da na taki a kansa, ya san yaushe zai tayar da injin ban-ruwa, kuma in ya je kasuwa yana juya farashin buhu daga naira zuwa sefa kafin dillali ya rufe baki. Duk wannan aiki yana tsaye ne kan ƴan abubuwa: tattara hankali wuri ɗaya, riƙe magana a kai na ɗan lokaci har a yi amfani da ita, saurin fahimta, tuna abin da ya wuce, da tsara aiki daki-daki. Lafiyayye ba ya ma lura yana yin su. Sai sun fara rauni mutum yake sanin da su yake rayuwa.

Cututtukan biyu kuwa su ne sikizofireniya da bayifola. Ta farko ita ce wadda mutum ke jin muryoyin da babu mai yin su, ko ya kafe kan zargin da ba shi da tushe, tunaninsa ya wargaje, ya janye jiki daga mutane. Takan fara ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da wani abu, kuma takan riga kama maza kafin mata. Ta biyu ciwo ne na hawa da saukar yanayi: wani lokaci mutum ya cika da ƙarfi da surutu da kashe kuɗi da rashin barci, yana jin ya fi kowa, wani lokaci ya faɗa cikin baƙin ciki mai nauyi, ko wanka ya gagare shi, a tsakani kuma ya dawo kusan yadda aka san shi. Likitan Jamus Emil Kraepelin ne ya raba su gida biyu a 1899, kuma abin da ya dogara da shi shi ne yadda ciwon ke tafiya cikin shekaru: ya ga ɗaya tana cin ƙarfin kai sannu a hankali, ɗaya kuma tana zuwa ta tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu sikizofireniya a kan mutum miliyan 24, wato kusan ɗaya cikin kowane 300, masu bayifola kuma kimanin miliyan 40 a 2019. Daga baya bincike ya nuna rabon Kraepelin bai fita tas ba. Masu sikizofireniya da yawa suna samun sauƙi sosai, kuma masu bayifola da yawa ba sa komawa daidai yadda suke a tsakanin tashin ciwo.

Ta hanya uku ake iya sanin halin da kan mutum yake ciki. Akwai gwaji, inda za a karanta masa jerin kalmomi ko lambobi a ce ya maimaita, ko a auna saurinsa wajen haɗa alamomi. Akwai shaidar waɗanda ke zaune da shi. Akwai kuma abin da shi kansa yake faɗi. An daɗe ana raina ta ukun, da hujjar cewa wanda hankalinsa ya taɓu ba a kama maganarsa. Wani likitan Jamus, Gerd Huber, ya ƙi yarda da haka. Ya shafe shekaru masu yawa yana sauraron masu sikizofireniya a lokacin da suke cikin natsuwa, ya ga suna kwatanta wasu matsaloli ƙanana da ba a gani daga waje, kuma suna sane sarai cewa daga kansu matsalar take. Shi da abokan aikinsa a birnin Bon sun tattara waɗannan koke-koke cikin wani ma'auni da ya fito a 1987. A Furankfut, Lilo Süllwold ta tsara tambayoyi 98 da mara lafiya zai amsa da i ko a'a. A Mantiriyal ta Kanada, Emmanuel Stip da abokansa sun fitar da tambayoyi 21 a 2003. Su ma masu bayifola an yi musu nasu a Basalona ta ƙasar Sifen a 2013, mai tambayoyi 16.

To me mai sikizofireniya yake cewa in an ba shi dama? Abu na farko da ake yawan ji shi ne yankewar tunani. Yana cikin magana ko lissafi sai komai ya ɗauke, kamar igiyar guga ta tsinke ana tsakiyar jan ruwa, ya tsaya da hannu wofi bai san abin da yake shirin faɗi ba. Na biyu shi ne kutse: wani tunani maras amfani, wanda bai dame shi ba kuma bai kira shi ba, ya faɗo tsakiyar abin da yake yi ya raba masa hankali. Wani kuma tunani ne ke zuwar masa da yawa lokaci ɗaya, ba su da alaƙa da juna, ya kasa tsayar da ko ɗaya. Wani zai ce yana jin Hausa ko Barbarci ko Fillanci da ya tashi da su, amma sai ya tsaya ya juya kalmomin kafin ma'anarsu ta iso. Wani ba ya iya haɗa abu biyu: in yana tatsar nono aka yi masa magana, dole ɗaya ya tsaya. Akwai kuma wanda ya fi ba ni tausayi, wato abin da jiki ya saba yi da kansa ya koma sai an yi masa tunani. Alwalar da yake yi tun yana yaro yanzu sai ya bi ta gaɓa-gaɓa yana tambayar kansa me ke biye.

A lura da abu guda a nan. Mai irin wannan koke yakan sha wahalar samun kalmar da zai faɗe shi da ita, don abin baƙo ne, bai taɓa jin irinsa ba kafin ciwon. Ba gajiya ba ce, ba mantuwar da kowa ke yi ba ce. Josef Parnas da abokan aikinsa a Kofanhagin ta Danmak sun bi wannan baƙunta har suka kai ga abin da ke ƙarƙashinta: mutum ya ji tunaninsa ya yi masa nisa, yana kallonsa maimakon ya zama shi ke yin sa, ko ya ji bai cika zama a cikin jikinsa ba, ko abubuwan da kowa ya ɗauka a sarari suke, irin su yadda ake gaisawa da yadda ake zama cikin mutane, su koma masa abin mamaki. A wani nazari da suka buga a 2003 sun kwatanta masu sikizofireniya da masu bayifola waɗanda su ma sun taɓa fita hayyacinsu, suka ga wannan rikicewar jin kai da ta gani da ji ta fi taruwa a wajen masu sikizofireniya. A ganina nan ne babban bambancin yake. Yawan koken bai cika raba cututtukan biyu ba, irin koken ne ke raba su.

Wani abin kuma shi ne lokaci. Waɗannan matsaloli sukan riga muryoyi da zargi zuwa, wani lokaci da shekaru. A birnin Kolon na Jamus, Joachim Klosterkötter da abokansa sun bi mutum 160 da suka zo asibiti ana zargin suna farkon ciwon, na kusan shekara goma a matsakaici. Sakamakon da ya fito a 2001 ya nuna 79 daga cikinsu sun kamu da sikizofireniya, kuma kusan dukansu sun riga sun yi irin wannan koke tun zuwansu na farko. Nazarin da aka yi a Dunidin ta ƙasar Niyu Zilan, inda ake bin yara 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973, ya nuna waɗanda suka kamu da ciwon daga baya sun fara ja da baya a saurin fahimta tun suna yara. Ba ana nufin duk saurayin da ya ce kansa na ɗaukewa zai haukace ba ne. Mafi yawan masu mantuwa da ɗaukewar hankali ba su da wannan ciwo. Amma almajirin da ke gaba a karatu ya wayi gari ba ya iya riƙe aya biyu, ya daina shiga abokai, ya ce tunaninsa na yankewa, ya cancanci a zauna da shi kafin a kai ga bulala.

Bayifola tafiyarta daban. Yawancin masu ita kansu lafiya lau yake kafin ciwon ya zo. Wani babban nazari a Suwidin, wanda James MacCabe ya jagoranta aka buga a 2010, ya duba sakamakon makaranta na matasa fiye da 700,000, ya ga waɗanda suka fi kowa maki suna da shekara 16 sun fi masu matsakaicin maki haɗarin kamuwa da bayifola kusan ninki huɗu. Saboda haka in mai bayifola ya yi kuka da kansa, da kansa na jiya yake kwatantawa. Zai ce a da shi ke riƙe lissafin shago gaba ɗaya, yanzu sai ya rubuta; a da yana haddace lambar waya da ji ɗaya, yanzu ta gudu. Kalmominsa kowa ya san su: nauyin kai, jinkiri, mantuwa, rasa sunan abu a bakin harshe. Ba ya cewa tunanin ba nasa ba ne.

Sannan kokensa yana bin yanayinsa. In ciwon ya hau, ba ya kuka da komai. Ji yake kansa bai taɓa kaifi irin na yau ba, tunani na gudu, dabaru na zuwa, alhali na kusa da shi suna ganin ba ya iya tsayawa kan magana ɗaya, duk abin da ya gifta sai ya ɗauke masa hankali, ya sayar da buhunan tattasai a farashin da bai kai kuɗin mai ba yana murna. Shi ma tunani na zuwar masa da yawa, amma ɗaya na jan ɗaya, ana iya bin zaren, kuma daɗinsa yake ji. Wannan ya bambanta da cunkoson da mai sikizofireniya ke kuka da shi. In ciwon ya sauka kuwa, sai kukan ya wuce kima: ya ce ƙwaƙwalwarsa ta mutu, ba ya tuna komai, ya zama ba shi da amfani. A gwada shi a ga lallai ya yi jinkiri, amma bai kai yadda yake faɗi ba. Baƙin ciki ne ke ƙara wa abin girma a idonsa.

Abin da aka daɗe ba a kula da shi ba shi ne tsakanin nan, lokacin da yanayi ya daidaita. Gwaje-gwaje sun nuna wani kaso na masu bayifola suna ci gaba da ɗan rauni wajen tattara hankali da tuna abin da aka faɗa musu da tsara aiki, ko da ba sa sama ba sa ƙasa. Raunin bai kai na sikizofireniya ba a matsakaici, kuma akwai da yawa da gwaji ba ya samun komai a jikinsu. Malamar makaranta ko ƴar kasuwa da ta dawo aiki tana cewa kanta bai dawo ba, ba lalaci take yi ba.

Yanzu sai mu zo inda abin ya fi wuya, wato koke da gwaji ba sa cika tafiya tare. An maimaita wannan a ƙasashe da dama a cututtukan biyu. Mai sikizofireniya da ya daɗe da ciwon yakan faɗi ƙasa da abin da gwaji ya nuna, wani ma ya ce lafiyarsa ƙalau alhali ba ya iya riƙe saƙo uku zuwa kasuwa, domin ikon da mutum ke duba kansa da shi shi ma ciwon yana taɓa shi. Mai bayifola da sauran baƙin ciki a tare da shi yakan faɗi fiye da abin da gwaji ya nuna. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin hujjar watsi da maganar mara lafiya. Ban yarda da su ba. Gwaji na minti talatin a ɗaki shiru ba ya nuna abin da ke faruwa a kasuwar dabbobi da rana tsaka, kuma ba ya nuna wahalar da mutum ya sha kafin ya ba da amsa daidai. Koken yana gaya mana abin da gwaji ba ya iyawa: irin baƙuntar da mutum ke ji, ko akwai baƙin ciki a ɓoye, ko magani ya yi masa nauyi. Rashin koke ma labari ne, in dangi suna ganin akasin haka. Dalilin damuwa da wannan duka shi ne abin da Michael Green na Amurka ya nuna a 1996: ƙarfin kai ya fi muryoyi da zargi nuna wanda zai iya komawa aiki da zama cikin mutane.

Kafin a ɗora laifi kan ciwon, dole a duba wasu abubuwa, kuma a Difa suna da yawa. Na farko magani. Largactil, wanda aka fara amfani da shi a Faris a 1952, yana kawo barci da nauyin jiki. Haldol da allurar wata-wata suna iya sandarar da jiki su rage saurin motsi. Artane, da ake haɗawa da su don hana sandarewa, shi kansa yana raunana tunawa, musamman in an daɗe ana sha ko an wuce ƙa'ida. Diyazefam ma haka. Litiyom, wanda John Cade ya gano amfaninsa a Ostireliya a 1949, magani ne mai kyau ga bayifola, amma yana bukatar awon jini a kai a kai, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu, in jiki ya rasa ruwa saboda gumi ko zawo ko azumi, yana iya taruwa a jini ya kawo rawar hannu da ruɗewa. Wannan na gaggawa ne. Na biyu, tiramol da wiwi. Na uku, cututtukan jiki: farfaɗiya, ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ciwon maƙoƙo, yunwa.

Na huɗu shi ne abin da yankin ya gani tun harin da Boko Haram ta kai Bosso da Difa a watan Fabrairun 2015. Fiye da mutum 200,000 sun bar gidajensu, wasu daga Borno da Yobe, wasu daga tsibiran tafkin Cadi da ƙauyukan bakin Komadugu, suka zauna a gefen babbar hanya ko a sansanin Sayam Foraj. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce kusan mutum ɗaya cikin biyar a wuraren da ake rikici yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Wanda ya ga an kashe nasa, wanda ba ya barci don firgita, dole hankalinsa ya riƙa ɗaukewa ya riƙa mantuwa. Tunanin da ke faɗo masa yana da fuska da suna da ranar da abin ya faru, kuma yana zuwa da faɗuwar gaba. Ba irin kutsen banza na sikizofireniya ba ne. In ba a tambaya da kyau ba, sai a ba shi maganin da ba nasa ba.

Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa sun fi yawa a Yamai, fiye da kilomita 1,300 daga Difa, ko a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri, wanda hanyarsa ta yi wuya tun da rikici ya fara. Saboda haka aikin ya faɗo kan majo, wato mai shugabantar ƙaramin asibiti, da ma'aikatan jinya na ƙananan asibitoci, kuma don irinsu ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP na kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a 2008. Takardun tambayoyin Turai ba za su yi musu aiki yadda suke ba, don suna tambaya ne kan karanta jarida da kallon talabijin da jerin sayayya a rubuce. Amma tambayar kanta ba ta bukatar takarda. Ana yin ta bayan mutum ya natsu, da harshen da ya fi sakewa da shi, kuma daga aikinsa ake ɗauko ta. Ga dattijo: "Baba, in kuna ƙirga dabbobi da yamma, lissafin yana tsaya muku ko yana kuɓucewa?" Ga matar aure: "Inna, in kina girki aka yi miki magana, kina iya haɗa biyun?" Ga saurayi: "Ɗana, tunaninka yakan yanke tsakiyar magana? In ya yanke, gajiya ce ko wani abu ne da ba ka saba ji ba?" Ana iya tambayar ko yana rikicewa a yawan raka'o'i fiye da da. Sai a bi da tambaya biyu da ke taimakawa wajen raba cututtukan: tun yaushe, kuma yana tafiya ya dawo tare da yanayin zuciya ne ko kullum yana nan? Daga nan a ware wani na gida a ji ta bakinsa, a kuma yi ɗan gwaji, a faɗi abu biyar na kasuwa a ce ya maimaita bayan minti biyar.

Tambaya ɗaya ba a tsallake ta. Wanda ya fi kowa ganin abin da ya rasa shi ya fi shiga haɗarin yanke ƙauna, musamman saurayi mai ilimi da ya farfaɗo daga tashin farko ya ga tsararrakinsa sun wuce shi, ko mai bayifola da ciwon ya saukar. A tambaye shi kai tsaye, cikin mutunci, ko yana jin ya gaji da rayuwa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi.

Abin da za a yi bayan an ji yana hannun asibiti da gida. Majo ya duba ko za a rage yawan maganin zuwa mafi ƙarancin da ke riƙe ciwon, ko a janye Artane a hankali in babu sandarewa, ba tare da mara lafiya ya yanke maganinsa da kansa ba, don kowane sabon tashi na ciwon yana mayar da hannun agogo baya a karatu da sana'a da aure. In baƙin ciki ne ke bayan koken mai bayifola, shi za a fuskanta, tare da tsare masa lokacin barci. A gida kuma a riƙa ba shi saƙo ɗaya a lokaci ɗaya, a wuri marar hayaniya, a bar shi ya maimaita da bakinsa. Kada a raba shi da aiki gaba ɗaya. Makiyayin da garke ya yi masa yawa a fara ba shi awaki kaɗan kusa da gida, manomi a ba shi fangali biyu ko uku da shayarwarsu, wani ya riƙe lissafin bashi tukuna, a riƙa ƙara masa gwargwadon yadda ya iya, kuma duk ranar karɓar magani majo ya sake tambayarsa yadda kan yake.